Auta Ya Ce Ya Ƙoshi

Shekarar da yaƙi ya gaji da zaman daji ya shigo gari, hukuma ta kwashi waɗanda suka gudo ta zuba su a gidan silima. Ba don a nuna musu fim ba, wanda suka gani a hanya ya ishe su har tsufa. Ginin ne dai yake da rufi, makarantu kuma duk sun cika maƙil.

Tsinke tana cikin waɗanda aka zuba, ita da mamanta da ƙaninta Auta. Ba ta wuce shekara goma sha ɗaya ba. Tun kafin yaƙi ake ce mata Tsinke saboda rashin jiki, sai yaƙi ya zo ya mai da kowa tsinke, sunan ya zama na banza. Babansu direban babbar mota ne. Wata safiya sojoji suka tsare shi suka ce aron motar za su yi, da direban a ciki, zuwa yamma. Har yanzu yammar ba ta yi ba.

Kujerun silimar tuni an ɓalle katakonsu an yi girki da su, sai ƙafafun ƙarfe da suka rage a kafe cikin siminti suna jiran yatsan wanda bai kula ba. Kowane gida ya ɗaure igiya ya rataya zani, shi ke nan an yi ɗaki da falo. Daɓen kuma gangare ne, kamar na kowace silima, saboda haka in yaro ya yi fitsari a layin baya, kafin uwarsa ta sani mutanen layin gaba sun samu labari. Can gaba akwai ƙaton farin ƙyallen da ake haska fim a kai. Kullum ƙara ɗagewa yake yi daga ƙasa, domin duk wanda ya rasu, a jikinsa ake yanko masa likkafani. Na yara ba ya cin ƙyalle sosai.

Manajan silimar bai yarda an daina silima ba. Kullum yana cikin kwat da taye, riƙe da tocilar da batirinta ya mutu tun farkon yaƙi, yana nuna wa mutane wurin kwanciyarsu da ita. 'Yan kallo yake ce musu. "'Yan kallo, a rage surutu. 'Yan kallo, ba a shanya a ƙofar fita."

Maman Tsinke mai wanki da guga ce. Ranar gudu kowa ya ɗauki abin da ransa ya fi so, wani katifa, wani rediyo, wata tukunya da miyar a ciki. Ita ta ɗora dutsen guga na gawayi a ka, ta goya Auta, ta ce wa Tsinke ta riƙe bakin zaninta kar ta saki. A silima sabulu ya ƙare, ta koma ruwan toka. Gawayi babu, sai ta riƙa bin murhun mutane tana tsintar garwashin da suka gama da shi. Tana goge wa Manaja riguna, shi kuma yana barin ta ta ɗebi ruwa a famfon bayan ofis.

Doka biyu gare ta, ba ta ƙarawa ba ta ragewa. Ta farko, ɗanta ba ya fita da riga a yamutse. Ta biyu, ɗanta ba ya cewa yana jin yunwa a gaban baƙo.

"In an miƙo miki abu, ki ce kin ƙoshi. In an sake miƙowa, ki ce kin ƙoshi, kin gode."

"In aka miƙo na uku fa?" Tsinke ta taɓa tambaya.

"Ki dube ni."

Kallon Mama kuwa, tunda Tsinke ta zo duniya bai taɓa cewa karɓi ba.

Abincin silima ruwan wake ne. An ce wake ya taɓa wucewa ta cikinsa, akwai ma waɗanda suka rantse sun gani da idonsu. A kan wannan ruwan Auta ya fara ƙiba. Kumatu suka cika, ciki ya fito, ƙafafu suka yi suntum. Sai dai ya daina wasa. Yaron da a da sai an ɗaure shi a ƙafar tebur kafin a yi guga lafiya, yanzu inda aka ajiye shi da safe nan za a same shi da yamma, kamar buta. Gashinsa ya yi ja-ja, yana biyo mataji. Mama ta ɗinka masa 'yar hula da aljihun tsohon wandon babansu, ta buɗe masa ƙugun wando, ta sa masa safa, ba ta ce wa kowa komai ba. Rabin nata ruwan waken ma a kofinsa yake ƙarewa.

Bayan zanin da ke kusa da nasu akwai wata tsohuwa da kowa ke ce wa Gwaggo Mai Tari, don da tarinta ake gane gari ya waye. Wata rana Mama ta tafi famfo, Gwaggo ta leƙo, ta zare safar Auta, ta danna babban yatsanta a bayan ƙafarsa, ta ɗauke. Ramin ya tsaya, bai ciko ba.

"Kin gani?" ta ce wa Tsinke. "Ruwa ne wannan, ba nama ba. Yaran da aka yanko wa ƙyalle, duk ta ƙafa suka fara."

Tsinke ta tsura wa ramin ido. "To me za a ba shi, Gwaggo?"

"Madara. Ko ƙwai, ko kifi."

"Ba sai an haɗa da naman talo-talo ba?"

"Bakinki dai bai rame ba," Gwaggo ta ce, ta koma wa tarinta.

Sai ga madara ta zo da ƙafarta. Manaja ya hau dandamali ya ɗaga tocila, ya sanar da 'yan kallo cewa Ƙungiyar Mata Masu Jinƙai za ta kawo ziyara. Matan manya ne daga unguwar kan tudu, inda bam ke jin kunyar faɗawa. An aiko musu da garin madara daga ƙetare, amma ba zai ishi kowa ba, saboda haka za a zaɓi ƙananan yaran da suka fi jin jiki a ɗaura musu jan zare a hannu. Duk mai zare zai sha kofi guda kowace safiya a tagar sayar da tikiti. Shugabar ƙungiya da kanta za ta zaɓa, domin tana da ido. An ce ta taɓa karanta wani littafin renon yara har kusan rabi.

Mutanen silima ba yau suka fara ganin masu jinƙai ba, sun san aikin. Tun da sassafe aka ɓoye takalma, aka tura riguna masu dama-dama ƙarƙashin tabarma, aka hargitsa kan yara, aka shafa musu toka daidai gwargwado. Wata mata har mintsinin ɗanta ta yi don ta ji ko kukansa yana nan bai lalace ba.

Mama kuwa ta ce, "Baƙi za su zo," ta hura dutsen guga.

"Mama, kowa fa ɓata nasa yake yi," in ji Tsinke.

"Kowa ɗan mai guga ne?"

"A'a, amma..."

"Miƙo min farar rigar nan."

Aka wanke Auta har sai da ya yi ƙyalli. Aka sa masa farar riga mai karin gugan da zai iya yanka burodi, da akwai burodin. Dogon wando, safa, hula. A cikin layin yaran nan ya fito kamar ƙwai a buhun gawayi.

Matan suka iso da hantsi, ƙamshin turare a gaba su a baya, kowacce da hankici a hanci. Shugaba doguwa ce mai jiki, takalminta mai tsini yana ƙwas-ƙwas a gangaren, Manaja na haska mata hanya da tocilar da ba wuta. A bayanta akwai wani mai hoto da kyamara rataye a wuya.

Kafin a fara sai da ta hau dandamali ta yi jawabi. Ta ce yaƙi ya taɓa kowa. Ita kanta, in ji ta, rabonta da ganin man shanu a teburinta har ta manta, direbanta kuma an ɗauke shi soja, yanzu ƙanin mijinta ke tuƙa ta, wanda bai san rami ba bai san tudu ba. Amma duk da haka ba ta zauna tana kuka ba. Ta roƙi kowa ya yi haƙuri irin nata. Manaja ya fara tafi, 'yan kallo suka taya shi da ƙarfi, saboda madarar tana bayanta.

Sannan ta bi layi tana girgiza kai. "Wayyo. Wayyo Allah. Wannan a ɗaura masa. Wannan ma. Wannan... a'a, wannan murmushi yake yi."

Da ta zo kan Auta sai ta tsaya cak, har ta sauke hankicin.

"Kai, kai, kai! 'Yan'uwa, ku zo ku ga yaro! Ku dubi kumatu! Ku dubi tsabta! Ɗan wane ne wannan?"

Mama ta matso ta ɗan rusuna.

"Ku yi koyi da wannan baiwar Allah," Shugaba ta ce wa silima gaba ɗaya. "Kullum ina faɗa a taro, abin da kuke kira yunwa, rabinsa rashin wanka ne. Ga shaida nan a tsaye."

Mai hoto ya matso ya raɗa mata wata magana. Ashe fim ɗin kyamara ya yi wuya saboda yaƙi, kuma masu aiko da madara hoto iri biyu suke so, yaro kafin madara da yaro bayan madara. Na kafin an samu har ya yi yawa. Na bayan ne sai an jira watanni, ga shi kuwa Allah ya kawo shi a wanke a goge.

Aka ba Auta kofin da ba komai a ciki ya riƙe. Ɗaya daga cikin matan ta dangwalo madara da yatsa ta ɗiga masa a leɓen sama don ta fito a hoto. Kafin mai hoto ya saita, Auta ya lashe. Aka sake ɗigawa, aka ce ya daure. Ya daure, idonsa na kan Mama. Ƙyas! Aka karɓe kofi, aka shafa masa hula, aka wuce na gaba. Madarar da ƙungiya ta ba Auta ke nan, ɗigo biyu, ɗayan ma satarsa ya yi.

Mama ta komo da kai a sama. Yabon ya raka ta har bakin zaninsu, a nan ya juya. Ta zauna ta cire wa Auta riga, ta ninke, ta warware, ta sake ninkewa.

"Mama, ba a ɗaura masa zare ba."

"Ina da ido."

"Don kin wanke shi ne."

"To in bar shi kamar wanda aka tsinto a bola?"

"Waɗanda aka tsinto a bola gobe za su sha madara."

Mama ta ɗago kai. "Ubanku ya dawo ya tambaye ni 'ya'yansa, in ce masa ga su can a layin roƙo da toka a fuska?"

Tsinke ta so ta ce in aka ci gaba a haka ɗaya kawai zai tarar, amma ta san iyakar abin da ake faɗa wa mace mai dutsen guga kusa da hannu. Gwaggo ce ta faɗa ta bayan zani, ita da ba ta da abin asara.

"Mai Guga, kina ji na? Wanda zai hau ya yanko ƙyallen can ba zai tambaya ko a goge yaron yake ba."

"Gwaggo, ki ji da tarinki," Mama ta ce. Amma ba ta ce da ƙarfi ba.

Washegari Tsinke ta gwada tata dabarar. Ta zaro jan zare daga bakin zanin Gwaggo, ta ɗaura wa Auta, ta goya shi zuwa tagar tikiti. Manaja ne ke tsaron layi. Ya kama hannun yaron, ya haska da matacciyar tocila, ya yi ajiyar zuciya irin ta gwanaye.

"Yarinya, tun ba a haife ki ba nake kama tikitin bogi. Na ƙungiya ulu ne. Wannan zaren zani ne, har warin man zafi yake."

"Manaja, kofi ɗaya ne fa."

"Ba tikiti, ba shiga. In na bar mutum ɗaya, silima ta lalace."

Tsinke ta waiwaya ta kalli silimar, da igiyoyin shanya, da hayaƙi, da akuyar wani ɗaure a dandamali. "Allah ya kiyaye ta lalace," ta ce.

Manaja ya gyara taye. Ya kalli Auta, ya kau da kai, ya rage murya. "Za su dawo wani satin su cike gurbi. Kafin nan ba za a rasa gurbi ba."

Bai faɗi yadda ake samun gurbin ba. Tsinke ma ba ta tambaya ba, daga inda take tana hango farin ƙyallen.

Satin ya yi tsawo. Kumburin ya hau har gwiwa, safa ta daina shiga, Mama ta farke ta ta gefe ta ƙara mata ƙyalle. A tsakiyar satin jiragen sama suka zo. Ƙararsu ta taho daga nesa kamar ana jan ƙaton tebur a sararin sama, kowa ya kife a ƙasa, ƙura na zubowa daga rufi. Tsinke ta kife a kan Auta. Da ta ɗan ɗaga ido sai ta ga Mama ita ma ta kife, amma hannu ɗaya na sama riƙe da rigar Manaja kar ta taɓa daɓe. Bam ɗin ya faɗa can wajen kasuwa. Yara duk suka fasa ihu, ban da Auta. Da aka tashi yana nan yadda aka bar shi, ido a buɗe, ko ƙarfin jin tsoro ba shi da shi. Mama ta tsaya tana kallonsa, rigar Manaja ta zame daga hannunta, ba ta ɗauka ba sai da Tsinke ta nuna mata.

Ranar da matan za su dawo, Mama ta sake hura dutsen guga. Wannan karon ba ta ce baƙi za su zo ba, hannunta ne kawai ke yin abin da ya saba. Ta shirya Auta tsaf, ta zaunar da shi, ta ɗauki bokiti.

"Kar ya motsa, kar ya jingina. Yanzu zan dawo."

Layin famfo a irin wannan lokaci ba ya sakin mutum da wuri, kuma kaf silimar ba wanda ya kai Mama sanin haka. Tana fita Tsinke ta ɗaga zanin maƙwabciyarsu.

"Gwaggo, ara min datti."

"Kin zo gidansa."

Gwaggo ta zaro wata riga da ta yi aikin riga, ta yi na tsumma, ta yi na matashin kai, yanzu tana hutawa. Suka tuɓe Auta. Hula ta tafi, safa ta tafi. Tsinke ta ɗebo toka cike da tafin hannu.

"Kar ki cika," Gwaggo ta ce. "In ya yi yawa ƙyama za su ji, su wuce. Datti mai ban tausayi suke so, ba mai wari ba. Goshi da kumatu kawai. Bar hancin, hancin yana yin nasa aikin."

Auta ya fara kuka, irin wanda ba ya nisa. "Yaya, Mama za ta yi faɗa."

"Ni za ta yi wa. Saurara. In matar nan ta ce kana jin yunwa, me za ka ce?"

"Na ƙoshi."

"A'a! Ka ce e."

"Mama ta ce..."

"Mama tana famfo. Ka ce e. Faɗi in ji."

"E."

"Yawwa. Yaro, kana jin yunwa?"

"E, na ƙoshi."

Gwaggo ta yi dariya har dariyar ta koma tari. Haka suka yi ta maimaitawa har sai da e ta iya tsayawa ita kaɗai.

Matan suka iso, turaren dai shi ne, hankici ne aka canza. Ulun da ya rage ɗan kaɗan ne, ko makaho ya shafa ya san ba zai kai ƙarshen layi ba. Shugaba kuma ta zo da sabon salo. An gaya mata a ƙetare sai an tambayi mabuƙaci ra'ayinsa, saboda haka ta riƙo biskit tana miƙa wa kowane yaro tana tambaya, mai hoto na jiran lokacin da hannu zai miƙo. Biskit ɗin guda ne, bayan hoto yakan koma hannunta don na gaba.

Ta zo kan Auta. Ko kaɗan ba ta gane shi ba, yaron da wataƙila hotonsa ya riga ya hau jirgi yana tallan madararta.

"Wayyo, wannan kam! Ku dubi gashi, ku dubi ƙafa." Ta sunkuyo iya inda turare zai kare ta. "Yaro, kana jin yunwa?"

Auta ya buɗe baki. Tsinke har ta hango e ta taho. Sai idonsa ya tsallake kafaɗar Shugaba ya sauka a ƙofa. Mama ce tsaye da bokiti a ka.

"Na ƙoshi," in ji Auta.

"Me ka ce? Ungo biskit."

Ya mai da hannuwansa baya. "Na ƙoshi, na gode."

Shugaba ta miƙo na uku. Auta ya dubi Mama. Mama ba ta motsa ba, ruwa ne kawai ke ɗiga daga bokitin a kafaɗarta.

"To, kun ji dai," Shugaba ta miƙe tsaye. "Yaro ba ya ƙarya. Mu kuma ƙungiyarmu ba ta yi wa kowa jinƙai dole. Na gaba."

"Ƙarya yake yi!" Maganar ta fita kafin Tsinke ta yi shawara da ita.

"Ke kuma wace ce?"

"Yayarsa."

"Mai cikin ya ce ya ƙoshi, ke kin fi shi sanin cikinsa?"

"Abin da bai ci ba, ranki ya daɗe, tare ba mu ci shi ba."

Ɗaya daga cikin matan ta ce yaƙi ya cinye kunyar yara. Manaja ya ɗaga tocila ya ce 'yan kallo su yi shiru.

Mama ta sauke bokiti. Ta taho cikin gangaren, zaninta da karin guga, mutane na ba ta hanya. Tsinke ta shirya kuncinta na dama, shi Mama ta fi sabawa da shi. Amma Mama ta wuce ta kamar ba ta gan ta ba. Ta tsaya a gaban Auta ta kalle shi, tsumma, toka, jan gashi a fili kowa na gani. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta durƙusa gwiwa biyu a daɓen silima, a layin gaba, inda kowa ya san abin da ke gangarowa.

"Auta. Faɗa mata kana jin yunwa."

"Mama, kin ce ba a faɗa."

"Na ce. Yau kuma na ce a faɗa."

"Ga baƙi fa."

"Na gan su."

Auta ya dubi Shugaba, ya dubi biskit, ya sake duban Mama ko tarko ne. "Ina jin yunwa," ya ce, can ƙasa-ƙasa.

"Bai fito ba," in ji mai hoto, sai ka ce kyamara na ɗaukar murya. "Ya miƙo hannu. Uwar ma ta miƙo nata, ta ɗan karkatar da kai. Yawwa. Ƙara buɗe tafin."

Mama ta ƙara buɗewa. Tsinke ta san wannan hannun da tabon garwashi, ta san shi riƙe da dutsen guga, ta san shi a kuncinta, amma ba ta taɓa ganinsa a buɗe yana jira ba. Ƙyas!

Shugaba ta yi izini aka ɗaura zare. Kafin ta wuce, ta ga bai kamata ta bar uwar haka ba nasiha ba, tunda nasiha ba ta cikin abubuwan da yaƙi ya sa suka yi wuya.

"Baiwar Allah, ke ga ki tsaf-tsaf, ɗanki kamar ba shi da kowa. Wancan zuwan na ga wata mata a nan, yaronta fes, kumatu kamar me. Ki neme ta ta koya miki reno."

Har tarin Gwaggo ya dakata ya ji amsa.

"Haka ne, ranki ya daɗe," Mama ta ce. "Zan neme ta."

Ba a jira safiya ba, tunda mai hoto yana nan aka buɗe tagar tikiti. Wata cikin matan ta ja kunnen iyaye cewa za su riƙa leƙowa ba sanarwa, duk yaron da aka ga ya murmure za a yanke zarensa a ba wani. Manaja ya kama hannun Auta, ya duba zaren sama da ƙasa kamar ba a gabansa aka ɗaura ba, ya ce, "Na gaske ne. Wuce." Kofi ya fito ta tagar, wannan karon da madara a ciki. Auta ya riƙe da hannu biyu yana sha a hankali, yana tsayawa yana leƙa ciki ya ga abin da ya saura. Tsinke ta kau da kai ta haɗiye yawu, ta mai da hankalinta kan tsohon hoton fim da ke manne a bango. Wani jarumi ne riƙe da bindiga yana murmushi, haƙora farare tas. Da alama yaƙinsu ya fi na nan daɗi.

Da suka koma, Mama na zaune ta juya baya, farar rigar a cinyarta, bokitin ruwa a gefe. Tsinke ta sauke Auta, ta tsaya inda hannu ba zai kai ba.

"Rigar wa ce wannan?" Mama ta tambaya ba ta waiwayo ba.

"Ta Gwaggo."

"Ki ce ta bar mana. Zan riƙa goge mata zani."

"Zanina bai san guga ba, kar ki firgita shi," in ji Gwaggo daga can.

"Mama," Auta ya ce, ga farin gashin baki na madara a kan toka, "gobe ma in faɗa?"

"In sun tambaya."

"Jibi fa?"

"Har sai na ce ka daina."

Saboda sabo, Tsinke ta jawo bokiti ta jiƙa tsumma za ta goge masa fuska. Mama ta riƙe mata hannu.

"Bar shi."

Tsinke ta bari. Suka zauna suna kallonsa yana lasar leɓe. Mama ta kalli goshin nan mai toka, ta kau da kai, ta kalli igiyar shanya, ta kalli rufi, ta sake kallon goshin. Yatsunta na ta motsi a cinya. Ta daure iya daurewarta, wadda ba ta kai a tafasa ruwan wake ba.

"Kawo tsumman," ta ce. Ta jawo Auta tsakanin gwiwoyinta, ta lanƙwasa masa kunne. "Bayan kunne kawai. Nan ba sa leƙawa."